Daga baƙin allo zuwa baƙin Hausa

Harafin farko da na sa kwamfuta ta rubuta ba da taimakon Windows ko Linux ba shi ne S. Fari a kan baƙi, can a kusurwar hagu ta sama, shi kaɗai kamar jinjirin wata. Sai da na yi mako guda ina fama kafin in gan shi, kuma da ya bayyana na daɗe ina kallonsa ban taɓa komai ba.

Kafin nan na yi shekaru ina rubuta manhajoji, galibi na lissafin shaguna da shafukan intanet. Aiki ne mai albarka, da shi nake ci da sha. Amma kullum ina jin kaina kamar ɗan haya a gidan da bai taɓa ganin harsashinsa ba. In na ce rubutu ya fito a allo, sai ya fito. In na nemi wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai a ba ni. Wa ke fitarwa, wa ke bayarwa? Amsar ita ce kanel, wato ƙwayar da ke tsakiyar babbar manhaja irin Windows ko Linux, wadda ke yanka wa kowane shiri lokacinsa da wurinsa, ita ce kuma ke magana da ƙarafan na'urar baki da baki. Wannan na san shi a karance. So nake in san shi a hannu, wato in rubuta nawa kanel ɗin tun daga tushe.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma duk kyauta ne. Akwai NASM na rubuta asembili, yaren da ya fi kusa da abin da furosesa, wato ɓangaren da ke aiwatar da umarni a cikin kwamfuta, ke ji. Akwai GCC na yaren C, amma sai da na haɗa nawa na musamman, wanda ba ya zaton akwai wata babbar manhaja a ƙarƙashinsa. Sai QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, mai kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin 'yar taga, ka kashe ka tayar sau ɗari a dare ɗaya ba abin da zai ƙone. Na ƙarshe shi ne kundin bayanin da kamfanin Intel ke wallafawa a kan furosesoshinsa, dubban shafuka, wanda da farko na ɗauka ba a rubuta shi don a karanta ba.

Idan aka kunna kwamfuta mai tsohon tsari, BIOS, ɗan shirin da ke zuwa a jikin na'urar tun daga masana'anta, shi ne ke fara farkawa. Zai karanto yanki na farko na faifai, bayit 512 cif, ya duba biyun ƙarshe. In ya tarar da lambobi 0x55 da 0xAA (0x alama ce ta ƙirga mai tushe 16), sai ya ajiye yankin a adireshi 0x7C00, ya miƙa masa ragama, ya koma gefe. Kenan bayit 510 gare ka ka yi duk abin da za ka yi: ka ɗauko sauran kanel ɗinka daga faifai, ka shirya masa wuri, ka shiga cikinsa. Kuma furosesan da za ka tarar ba wanda ka saya ba ne. Ko na bana ne, a wannan lokacin kamar kakansa 8086 na 1978 yake, bit 16, megabayit ɗaya kacal yake iya hange. Kamar dattijo ne da kowace safiya sai ya fara da rarrafe kafin ya tuna ya iya tafiya. Kai ne za ka tayar da shi tsaye: ka rubuta masa ɗan jadawalin da ake kira GDT mai bayanin iyakokin ƙwaƙwalwa, ka kunna bit ɗaya a rajistar CR0 (rajista 'yar ma'ajiya ce a cikin furosesa kansa), sannan ka yi dogon tsalle zuwa yanayin bit 32 da ya zo da 80386 a 1985.

A wannan tsallen na maƙale. Duk sanda na tayar da QEMU sai tagar ta riƙa ƙifta ido, rubutun BIOS ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace, ba iyaka. Daga baya na fahimci abin da ke faruwa. In furosesa ya yi tuntuɓe, yakan nemi wanda zai kai wa ƙara. In neman ma ya jawo wani tuntuɓen, ya zama kuskure mai ninki biyu, sai ya nemi mai karɓar wannan. In nan ma babu kowa, sai ya saki komai ya koma farko kamar yanzu aka kunna shi. Ba saƙo, ba lamba, ba alama.

Nan ne aikin ya bambanta da duk wanda na taɓa yi. A aikin da na saba, in ka yi kuskure akwai mai gaya maka, layi na kaza, dalili kaza. A nan shi mai gaya maka ɗin ne ba ka gina ba tukuna. Jinyar majinyacin da ba ya magana kake yi, ba ya ma iya nuna inda ke masa ciwo.

Dabarar da ta fishe ni mai sauƙi ce. Akwai umarnin da ke ce wa furosesa ya yi ta tsalle a wuri ɗaya har abada, ni na sa masa suna turke. Sai in kafa turken bayan layi na farko in tayar. In tagar ta tsaya cak, to abin da ke sama lafiya lau ne. In cire, in kafa shi ƙasa da layi ɗaya, in sake tayarwa. Haka na yi ta gangarowa har na iso layin da in na wuce shi ƙiftawar ke dawowa. Ashe ban gaya wa NASM cewa a 0x7C00 za a ajiye shirin ba, shi kuwa yana ƙirga adireshi daga sifili. Duk sanda na ce wa furosesa ga jadawalinka can, wani wuri daban nake nuna masa, ya je ya kwaso shara ya ɗauka jadawali ne. Layi ɗaya na ƙara a saman fayil ɗin. Na rubuta lambar S a adireshi 0xB8000, na rubuta 0x0F a bayit na gaba, wato fari a kan baƙi, sai ga ta.

Allon rubutu na VGA, tsohon tsarin nuna abu a allon kwamfuta, abu ne mai daɗin sha'ani. Layi 25, kowane layi gurbi 80, kowane gurbi bayit biyu, ɗaya na harafi ɗaya na launi. Abin da ka ajiye a wurin shi ke fitowa nan take. Da na samu shiga yaren C sai na ga wani sabon fili fetal: babu umarnin buga rubutu, babu na kwafe, babu na neman wuri, duk abubuwan da na ɗauka jikin yaren ne ashe aro ne daga babbar manhaja. Na rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Jimlar farko da na so ta fito ita ce "Sannu da ƙoƙari". Abin da ya fito kuwa, a gurbin kowace ƙ, wata alama ce mai kama da guntun tsani, da wata O mai ɗigo biyu a ka. Dalilin a fili yake. A tsarin UTF-8, ƙ bayit biyu ce, 0xC6 da 0x99, shi kuma allon haruffa 256 kaɗai ya sani, waɗanda IBM ta zaɓa wa kwamfutarta ta 1981. Akwai na Faransanci, akwai na Jamusanci, har da alamomin karta da 'yan fuskoki masu murmushi. Namu babu. Ina cikin ɗoki, sai na cire ƙugiyoyin na wuce.

Mahaifina tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya. Bayan sallar isha'i na ɗauki kwamfutar na kai masa zaure.

"Baba, ku duba abin da na yi."

Ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa kusa da allon. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ita kwamfutar, Baba. Amma ni na gina abin da ke sa ta rubutun, tun daga tushe."

"Madalla. Allah Ya yi albarka." Ya ɗan yi shiru. "To tun da kai ka gina, ka gaya mata babu kokari a Hausa."

Na fara yi masa bayanin haruffa 256. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ba ni labarin lokacin da suke buga takardun jarrabawa da tafireta. Ita ma ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. In an gama bugawa sai su bi takardar da biro, layi-layi, suna lanƙwasa kan kowane harafi da hannu, don kada yaro ya karanta kafa inda ake nufin ƙafa. Ya ce, "Baki daban, baƙi daban. Mu da ba mu ƙera tafiretar ba mun gyara mata. Kai da ka ce kai ka gina fa?"

Na ce zan gyara. Amma na san akwai sauran tafiya kafin in kai nan, don har lokacin kanel ɗin kurma ne, ba ya jin komai daga waje.

Yadda na'urori ke jawo hankalin furosesa kamar sallama ce a ƙofar gida. Yana cikin aikinsa, agogo ko kibod ya yi sallama, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya duba wani jadawali mai gurbi 256 da ake kira IDT ya ga wa ke amsa wannan sallamar, ya je a biya buƙata, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Gurbi 32 na farko Intel ta keɓe su don ƙorafin furosesa kansa: sifili na raba lamba da sifili, 6 na umarnin da bai gane ba, 8 na kuskure mai ninki biyu, 13 na keta iyaka, 14 na taɓa shafin da babu shi. Na zauna na rubuta wa kowannensu mai amsawa, wanda zai buga lambar kuskuren da Hausa, da abin da ke cikin rajistoci, sannan ya tsayar da komai. Na gwada raba ɗaya da sifili da gangan, saƙon ya fito ja a kan baƙi. Ranar na ji daɗi ƙwarai, don majinyacina ya fara buɗe baki.

Sai na ba da umarnin sti, wanda ke buɗe ƙofa ga sallamar waje. Kafin in ɗauke yatsa, allo ya nuna: kuskure na 8.

Dare uku na yi a kan wannan. Tunanina shi ne, tun da mai ninki biyu ne, dole akwai na farko da ya haife shi, don haka na farkon na shiga nema. Na sake karanta GDT bayit-bayit. Na sake lissafin kowane gurbi na IDT. Na zargi sitak, wato jeren da furosesa ke ɗora ajiyarsa kamar jeren kwanuka, na sama shi ake fara ɗauka, na matsar da shi wani wuri. Na haɗa GDB, manhajar bin sawun kuskure, da QEMU ina bin umarni ɗaya-ɗaya, komai daidai, har zuwa sti, daga nan sai in tsinci kaina a gurbi na 8 ba tare da na ga tuntuɓen ba. A dare na biyu aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, na kwanta ina ta juya abin a kaina har aka kira assalatu.

Bakin zaren a kundin Intel na same shi, a jimla ɗaya da na sha wucewa. Kuskure mai ninki biyu yakan zo da wata 'yar lamba ta ƙarin bayani, kuma kundin ya ce kullum sifili ce. Tawa ba sifili ba ce. Na kwafe ta a takarda, na duba taswirar kanel ɗin, sai na ga ai adireshi ne, adireshin layin da furosesa ke zaune yana jira. Wato babu wata lambar bayani da aka ajiye, mai amsawata ne ya miƙa hannu saman sitak ya ɗauko abin da ya tarar. In kuwa ba a ajiye lambar ba, to ba kuskure ba ne ya shigo ta gurbi na 8. Baƙo ne ya yi sallama a ƙofar da ba tasa ba.

Agogo ne. Akwai wata 'yar na'ura, 8259, mai tattara sallamar na'urori ta miƙa wa furosesa. Lokacin da IBM ta ƙera kwamfutarta ta 1981, ta ɗora sallama takwas na farko a gurbi 8 zuwa 15, duk da cewa Intel ta riga ta ce an keɓe wurin. A lokacin furosesan bai cika gurbin ba, ba wanda ya ji a jikinsa. Da 80286 ya zo ya fara amfani da su, sai aka yi karo, kuma don kada tsofaffin manhajoji su lalace, BIOS ya ci gaba da barin abin yadda yake. Agogo shi ne sallama ta farko, ya faɗa gurbi na 8. Wato dare uku na yi ina neman laifina a cikin shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke a Amurka tun ba a haife ni ba. Ban ji haushinsu ba. Abin da na ji shi ne kamar ina haƙa a tsakar gida na ci karo da tubalin ginin mutanen da. Maganin 'yan bayit ne da ake aika wa ƙofofi 0x20 da 0x21 da 0xA0 da 0xA1, wato adireshin da ake magana da 8259 ta cikinsu, a mayar da sallamar gurbi 32 zuwa 47.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauƙi, don na fara gane halin na'urorin. Agogon ya buga sau ɗaya ya yi shiru, saboda 8259 ba ta sake miƙo wata sallamar sai ka ce mata ka gama da ta farko. Kibod ma ya karɓi maɓalli ɗaya ya ƙi na biyu, don sai ka ɗauke abin da ya ajiye a ƙofa 0x60 yake kawo wani. Kuma ba harafi yake kawowa ba, lambar maɓalli ce: danna A 0x1E ne, sakinsa 0x9E. Shi agogon yana kaɗawa sau 1,193,182 a daƙiƙa, in ka bar shi yadda BIOS ya saita sai ya yi sallama kusan sau 18. Na ba shi 11,932 ya riƙa rabawa da ita, ya koma sau 100. Na kuma buɗe wa kanel ɗin baki na biyu ta ƙofar siriyal, 0x3F8, yana zuba duk abin da yake yi a fayil, ko allo ya mutu ina da abin karantawa.

Akwai wata matsala da ta kusa sa in fara zargin kayan aikina. Na ƙara layi ɗaya na buga saƙo, layin da ba ya taɓa komai, sai wani saƙo daban ya ɓace. Na cire, ya dawo. Na ƙara wani layin a wani fayil, kanel ya faɗi gaba ɗaya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Da na duba girman fayil ɗin sai na ga ya haura bayit 10,240, ni kuwa tun makon farko na ce wa shirin tayarwa, wato mai bayit 512 ɗin nan, ya ɗauko yanki 20 daga faifai, na manta da zancen. Yaro ya girma, riga tana nan yadda aka ɗinka ta. Wutsiyar kanel ɗin, inda saƙonni ke zaune, a faifai ake barin ta. Shawarata ga mai son bin wannan hanya ita ce ya rubuta shirin tayarwa da hannunsa sau ɗaya don ya san abin da ke ciki, daga nan ya bar wa GRUB, shirin tayarwa da wasu suka riga suka rubuta, wannan aikin. Ni na riƙe nawa ne don na riga na shaƙu da shi.

Raba ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kowane shafi bayit 4,096, shi na fi jin tsoro, sai ya zo bai ba ni wuya sosai ba. Na riga na koyi darasi: kafin in kunna shi na tabbatar mai amsa kuskure na 14 yana buga abin da ke cikin rajistar CR2, inda furosesa ke ajiye adireshin da aka taɓa. Na faɗi sau da yawa, amma kowace faɗuwa da sunanta ta zo.

Sai gudanar da ayyuka biyu a lokaci ɗaya, wanda a wurina shi ne ranar da abin ya cancanci a kira shi kanel. A 1991, a Helsinki ta ƙasar Finlan, abin da Linus Torvalds ya fara yi a kan kwamfutarsa mai 80386 kenan: aiki ɗaya na buga A, ɗaya na buga B, agogo na musanya su. Daga wannan Linux ta tsiro, wadda yau take cikin kowace waya mai Android. Asirin abin ba shi da yawa. Furosesa ɗaya ne, abu ɗaya yake yi. In agogo ya yi sallama, sai ka kwashe duk abin da ke rajistoci ka ɗora a sitak ɗin aikin farko, ka juya zuwa sitak ɗin na biyu, ka sauke nasa, ka ce wa furosesa ya koma inda ya tsaya. Shi bai san an sauya masa gida ba. Wahalar tana wurin sabon aikin da bai taɓa gudana ba, don sai ka shirya masa sitak da hannu kamar wanda aka katse yana tsakiyar aiki. Nawa ya tashi, A ta cika allo, B ba ta zo ba. Wannan karon ban yi ko awa ɗaya ba. A cikin abin da na shirya akwai rajistar tutoci, na sa mata 0x002 maimakon 0x202. Wannan bit ɗin na tara shi ne buɗaɗɗiyar ƙofa. Na tura aikin cikin ɗaki na rufe shi, agogo na ta sallama ba mai ji. Da na gyara sai ga su suna bin juna, tarin A, tarin B, tarin A.

A daren na koma kan alkawarin Baba.

Zanen haruffan VGA ba a sassaƙe yake a dutse ba, a wata ƙwaƙwalwa yake da ke ɓoye a bayan ta rubutu, kuma ana iya sauya shi. Kowane harafi ɗigo 8 ne a faɗi, 16 a tsaye, kowane layi bayit ɗaya. Na sayi littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan makaranta, na zana akwatuna, na ɗauko k da d da b da y na ainihi na fara yi musu ƙugiya da fensir. Ƙ da ɓ ba su yi gardama ba, don sandarsu a hagu take, akwai fili a dama da kan zai lanƙwasa. Ɗ ƙarama ce ta wahalar da ni. Sandarta tana dama, jikin bango, ƙugiyar kuma dama za ta kalla, babu wuri. Sai da na matse cikinta na ja ta hagu. Na haɗa da ƴ, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Takwas kenan, manya da ƙanana. Na ba su gurbi 128 zuwa 135, na karɓe daga haruffan Turai da ba na buƙata, na kuma koya wa mai buga rubutu cewa in ya ga 0xC6 da 0x99 a jere, gurbi 130 ake nufi.

Kafin ka taɓa zanen sai ka aika saƙo ta ƙofofi 0x3C4 da 0x3CE a buɗe maka ɓoyayyen ɓangaren a adireshi 0xA0000, ka rubuta, ka mayar da komai yadda yake. Na yi, na tayar. Saƙon maraba ya fito "Ɓarka da zuwa". Na yi tsaye ina kallo. Ƙugiyar ta fito kyakkyawa, amma a kan harafin da ban sa ta ba. Na buga manyan haruffa a jere: A ta zama ƙ, B ta zama Ɓ, C ta zama Ƙ. Nan na ɗauki fensir. Na ɗauka tun da tsayin harafi 16 ne, tazarar gurbi ma 16 ce. Ashe VGA bayit 32 take ware wa kowane harafi, rabi a cike rabi a banza. 132 sau 16 daidai yake da 66 sau 32, kuma 66 ita ce B. Dace ne kawai ya sa Ɓ ta faɗa kan 'yar'uwarta. Na mayar da 16 ta zama 32.

Saura kwamfuta ta gaske. Na samu wata tsohuwar laftof mai BIOS a wurin wani mai gyara, na zuba kanel ɗin a filasha, na kunna. Baƙin allo, da ɗan layi yana ƙiftawa. QEMU uwa ce mai haƙuri, tana rufa asirin kurakurai da yawa. Na farko, na rubuta lambar faifai sifili da hannuna, don a QEMU daga faifan fulofi nake tashi, alhali BIOS na miƙo lambar gaskiya a rajistar DL, kuma a nan 0x80 ce. Na gyara wannan da yadda nake karanto yankunan. Ya tashi, ya share allo, sai ja ya bayyana: kuskure na 14, an taɓa shafin da babu, ga adireshin, ga layin da ya taɓa. Da Hausa, a kan ƙarfe na gaske, da ɓ ɗinta mai ƙugiya. Ban taɓa murnar ganin kuskure irin ta ranar ba. Na bi adireshin, ya kai ni jerin ayyuka. Yaren C ya yi alkawarin cewa duk ma'ajin gama-gari da ba ka ba shi ƙima ba zai fara da sifili, amma wani ne ke cika wannan alkawarin kafin shirinka ya tashi, kuma a nan wanin ni ne. A QEMU ƙwaƙwalwa a share take zuwa, shi ya sa ban taɓa lura ba. Layi huɗu na asembili suka share wurin.

Na ɗaura ƙugiyoyin a maɓallin Alt, in ka riƙe shi ka danna k sai ƙ ta fito. Da la'asar na kai wa Baba laftof ɗin, na nuna masa maɓallan. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane harafi. Ya rubuta ƙoƙari. Ya rubuta ɓarawo. Ya rubuta ɗaki, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Ƙ ta yi. Ɓ ma ta yi. Wannan ɗ ɗin kuwa kanta ya yi gajere, yaro zai iya ɗauka d ce."

"Wurin ne ya yi kaɗan, Baba. Ɗigo takwas ne kawai."

"Kawo littafin in gani."

Na ɗauko littafin mai gida-gida na buɗe masa shafin. Ya karɓi fensir, ya ƙirga gidajen da bakinsa, ya goge layin sama, ya ɗaga sandar da gida ɗaya, ya sauko da bakin ƙugiyar ta gefen dama. Na zauna a gefen tabarmar ina mayar da kowane layi lamba, shi kuma yana riƙe da littafin yana karanto mini gidajen da ya cike.